Ka gama haɗa kwamfuta: me za ka fara sakawa, me zai biyo baya?

Wata Asabar bayan azahar wani saurayi ɗan Asawase ya shigo shagona a Aboabo cikin Kumasi rungume da kwamfuta kamar mai ɗauke da jariri. Yayansa da ke Jamus ne ya aiko masa da kayan ciki, shi kuma ya sayi akwati da monita a Adum, ya zauna ya haɗa da hannunsa. Sana'arsa ɗaukar bidiyon biki da suna. Da na buɗe murfin sai da na jinjina kai, don haɗin ya yi kyau, ko waya ɗaya ba ta bar wurinta ba.

"Maigida, ina wuni. Kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba. Da na buɗe bidiyo sai allo ya yi baƙi, sauti kuma babu shi sam."

Na ce masa, "Sannu ƙanena. Da Windows ta hau, me ka fara sakawa?"

"Manhajar tace bidiyo, Maigida. Akwai aikin wata Hajiya da nake son gamawa."

"Direbobi fa?"

"Abokina ya ba ni wani filash mai ɗauke da su duka. Danna ɗaya na yi, ya zuba su."

Ban ƙara tambaya ba. Kayansa lafiyarsu ƙalau, jerin aikin ne ya hargitse. Muka goge komai muka ɗauko daga tushe, kafin isha'i ya ɗauki abarsa ya tafi. Abin da muka yi ran nan shi ne zan shimfiɗa a nan, daki-daki, kamar yadda nake koya wa yaran shago.

Direba dai ƙaramar manhaja ce da ke tafinta tsakanin Windows da wani ƙarfe na cikin kwamfuta: katin hoto, katin sauti, kafar intanet da sauransu. Waɗannan ƙarafa a kan juna suke zaune. Katin hoto yana magana da furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ta hanyoyin da ke kan madabod, babban allon da komai ke manne a kai. Madabod kuma BIOS ne ke tashinsa, wato ƙaramar manhajar da ke zaune a jikinsa. Shi ya sa ake farawa daga ƙasa ana hawa sama. Wanda ya fara daga sama, ranar da matsala ta zo ba zai san ta inda ta shigo ba.

Filash biyu, tun kafin ranar aiki

Ba a fafe gora ranar tafiya. Nemi wata kwamfutar da ke aiki, taka tsohuwa ko ta aboki, ka shirya filash biyu.

Na farko na Windows ne, kada ya gaza gigabait 8, kuma duk abin da ke cikinsa zai goge. Ka sauke Windows 11 daga shafin Microsoft kai tsaye da Media Creation Tool, ko ka sauke fayil ɗin ISO ka ɗora shi a filash da Rufus. Fayil ɗin ya haura gigabait 5, don haka in datarka ta MTN ko Telecel ce, ka dubi kunshin dare ko ka je inda ke da intanet na kebul. Windows 10 kam Microsoft ta daina tallafa mata yadda ta saba tun 14 ga Oktoba 2025, ban ga dalilin ɗora ta a sabuwar kwamfuta ba.

Na biyu na direbobi ne, ka yi masa fomat a tsarin FAT32 saboda BIOS. A nan ake son natsuwa. Karanta sunan madabod ɗinka harafi-harafi daga jikin kwali ko daga jikinsa, domin harafi ɗaya na iya raba mai Wi-Fi da marar shi, ko mai ɗaukar RAM nau'in DDR4 da mai DDR5. Masu Gigabyte su leƙa kusurwar madabod ɗin, akwai ɗan rubutu kamar REV 1.0 ko 1.1, kuma wani lokaci direbobinsu da BIOS ɗinsu sukan bambanta. Daga shafin kamfanin da ya ƙera shi ka sauke sabon BIOS, direban LAN (kafar intanet ta kebul), na Wi-Fi da Bluetooth, da na sauti. Direban chipset, in furosesarka AMD ce, ka ɗauko shi daga shafin AMD, ya fi zama sabo. In Intel ce, ka ɗauki Chipset da Management Engine daga shafin madabod, ka haɗa da direban RST, na faifai, ka ajiye ko da za a neme shi. Direban katin hoto kuma daga NVIDIA ko AMD ko Intel, gwargwadon abin da ka saya. Duk wanda ya zo a ƙulle cikin zip ka kwance shi, kowanne da foldarsa. Ni lamba nake sa musu, 1 LAN, 2 chipset, haka har ƙarshe, yaro ma in na aike shi ba zai ruɗe ba.

Kafin ka jona wuta, juya bayan akwatin ka dubi na'urar rarraba wuta. Na zamani suna gane ƙarfin wuta da kansu. Amma tsofaffin da ake kawowa na hannu daga Amurka wasu na da ɗan jan makunni mai lamba 115 da 230. Wutarmu ta Gana 230 ce. In ka bar shi a 115 ka jona, ƙara ɗaya za ka ji sai ƙauri.

BIOS ne farkon shiga

Kunna kwamfutar ka riƙa danna Del ko F2. In madabod ɗinka na AM5 ne, wato na furosesar AMD mai DDR5, kunnawar farko na iya ɗaukar mintoci allo baƙi ƙirin fanka na juyawa. Gwada RAM yake yi, kada ka kashe. Na ga waɗanda suka kwance komai saboda rashin haƙurin minti uku.

Da ka shiga, ka tabbatar yana ganin furosesa da sunanta, yana ganin RAM duka, yana ganin SSD, wato faifan ajiya. Ka dubi zafin furosesa. In tana zaune ba aiki amma lamba na hawa tana neman 80 ko 90, kashe nan take. Yawanci ledar da ke manne a ƙasan na'urar sanyaya ce aka manta ba a ɓare ba, ko ba a ɗaure ta da kyau ba.

Sai sabunta BIOS. Me ya sa yanzu, ba daga baya ba? Dalili biyu. Madabod kan daɗe a sito kafin ya iso Kumasi, BIOS ɗinsa na iya tsufa da shekara ko fiye. Masu Intel na zubi na 13 da na 14 su fi kowa kula, domin a 2024 an fitar da gyaran microcode, wato umarnin da furosesa ke aiki da shi, mai lamba 0x129 sannan 0x12B, saboda matsalar wutar da ke lalata wasu daga cikin waɗannan furosesoshi a hankali, kuma ta sabunta BIOS ake samun gyaran. Dalili na biyu: Windows 11 ta yanzu kan kulle faifai da kanta in ka shiga da asusun Microsoft, kuma taɓa BIOS bayan haka na iya sa ta tsaya tana neman mabuɗi mai lamba 48. In ka yi kafin Windows ta hau, ka huta.

Kowane kamfani da sunan da ya ba abin: EZ Flash a ASUS, M-Flash a MSI, Q-Flash a Gigabyte, Instant Flash a ASRock. Ka soka filash na biyu, ka zaɓi fayil, ka naɗe hannu. Kada ka taɓa komai har ta sake tashi da kanta, ko da ta mutu ta kunnu sau biyu ko uku.

Abu ɗaya da ba na sassauci a kai: ba na sabunta BIOS sai kwamfuta na kan UPS mai cikakken caji. Duk wanda ya zauna a garin nan ya san dumso, wato ɗaukewar wuta, ba ya sallama. Wuta ta taɓa ɗauke mini a tsakiyar wannan aiki, shekarun baya, a madabod ɗin wani Alhaji mai ɗab'i. Lamba na kan kashi sittin da wani abu, fanka ta yi shiru, ni ma na yi shiru. Da kuɗina na biya. In hadari ya haɗo ko wuta na rawa, bari sai gobe. Madabod da yawa yanzu suna da ɗan maɓalli a baya na dawo da BIOS daga filash ko da ya lalace, amma ba duka ba, kuma ba abin dogaro ba ne.

Bayan sabuntawa, ka gyara kwanan wata da agogo. Ka tabbatar TPM a kunne yake, sunansa PTT a Intel, fTPM a AMD. CSM a kashe, Secure Boot a kunne. In kana da katin hoto, ka kunna Above 4G Decoding da Resizable BAR, musamman masu Intel Arc, don ba tare da shi ba katin ba ya ba da ƙarfinsa. In ka ga wurin da ke ba manhajar kamfanin madabod damar saka kanta da zarar Windows ta hau, ni kashe shi nake yi. XMP ko EXPO, saitin gudun RAM, ka ƙyale shi tukun, za mu dawo kansa.

Ɗora Windows

In faifanka ya fi ɗaya, cire sauran ka bar wanda Windows za ta zauna a kai kaɗai. Idan ba haka ba, takan ajiye ɗan ɓangaren da take tashi da shi a ɗaya faifan, ranar da ka cire shi kwamfuta ta ƙi tashi kana mamaki.

Soka filash na farko, ka danna maɓallin zaɓen abin tashi: F8 a ASUS, F12 a Gigabyte, F11 a MSI da ASRock. Ka zaɓi wanda aka rubuta UEFI a gaban sunansa. Wajen kibod ka dubi naka da kyau. In alamar @ tana kan lamba 2, na Amurka ne. In alamar zance ce a kan 2, na Ingila ne. Dukansu suna yawo a kasuwarmu, kuma wanda ya zaɓi ba daidai ba zai sha wahala wajen rubuta imel da kalmar sirri.

In aka zo zaɓen faifai ka ga wayam alhali BIOS na ganin SSD, kada hankalinka ya tashi. A wasu injinan Intel wani saitin BIOS mai suna VMD ne ke ɓoye shi. Danna Load driver ka nuna masa foldar RST da ka ajiye, ko ka koma BIOS ka kashe VMD.

Sai wurin da ya fi tsayar da mutane: Windows 11 ta ce sai an haɗa da intanet, ita kuma ba ta gane kafar LAN ko Wi-Fi ɗinka ba. Wannan ya zama ruwan dare a sababbin madabod masu kafar gigabit 2.5. Sabon zubin Windows yana da maɓallin Install driver a wannan shafi, sai ka nuna masa folda mai lamba 1. In bai yi ba, ga dabarar da ta fi sauƙi: jona wayarka ta Android da kebul, ka shiga saitinta ka kunna USB tethering. Windows kan gane shi ba tare da direba ba. Sai dai ka sani datar wayar za ta sha.

In ka shiga da asusun Microsoft, ka rubuta imel ɗin da kalmar sirrinsa a takarda ka adana, don a can mabuɗin faifanka yake zama. In na wani kake haɗa wa, da asusunsa za a shiga, ba naka ba.

Jerin direbobi

Windows ta hau, allo ya buɗe, hannu na ƙaiƙayi. Daure. Fara da agogo: a Settings, Time & language, ka zaɓi Monrovia, Reykjavik. Shi ne daidai da lokacin Gana duk shekara. Wanda ya zaɓi na Landan, in bazararsu ta zo agogonsa zai yi gaba da awa guda. Agogon da ya kauce sosai kuma yakan hana shafuka buɗewa.

Daga nan ka je Windows Update ka danna Pause na ɗan lokaci, don kada ita da kai ku riƙa saka abu ɗaya a lokaci ɗaya.

Direban LAN ko Wi-Fi, in bai riga ya shiga ba, shi ne na ɗaya. Masu Wi-Fi kada su manta da ɗaura eriyar da ta zo a kwali, don Bluetooth ma da ita yake aiki.

Na biyu chipset, kuma a ganina shi ne wanda aka fi rainawa alhali ya fi kowa muhimmanci. Shi ke sanar da Windows hanyoyin madabod, yadda za ta sarrafa wutar furosesa, da yadda za ta yi barci ta farka. A AMD, kunshin na ɗauke da abubuwa kamar PSP da GPIO da SMBus, kuma a furosesoshi irin 7950X3D har da abin da ke tura wasa zuwa ɓangaren da ya dace. A Intel ka saka Chipset, sannan Management Engine, sannan Serial IO in shafin madabod ɗinka ya kawo shi. Ka sake kunna kwamfutar ko da ba ta nema ba. Ni bayan kowane babban direba sai na sake kunnawa. Minti ɗaya ne, amma in wani abu ya lalace na san wanda ya jawo.

Na uku, ka saki Windows Update ta yi aikinta. Danna Check for updates, ta sauke, ta saka, ka sake kunnawa, ka koma ka sake dannawa. Haka za ka yi ta yi har ta ce babu saura. Yakan kai zagaye biyu ko uku, lokacin ne nake aika yaro ya sayo mana shinkafa da wake a bakin titi. A wannan zagaye za ta saka wani direban katin hoto nata, yawanci ba sabo ba. Bar ta. Dalilin da ya sa nake jinkirta nawa ke nan: in na riga ta, takan zo daga baya ta shimfiɗa tsohon a kan sabon. Sashen Optional updates kuwa, in akwai direbobi a ciki, kada ka ɗauka sai in wani abu ne ba ya aiki.

Na huɗu katin hoto. Kafin komai, leƙa bayan akwatin. Kebul ɗin monita a ina yake? Kafofin madabod suna sama a tsaye, na katin hoto suna ƙasa a kwance. Na saurayin nan na Asawase a sama yake, katin da yayansa ya kashe kuɗi a kai yana zaune kawai yana shan iska. Ka mayar da shi ƙasa. Sai ka buɗe fayil ɗin da ka sauke. A NVIDIA akwai zubi biyu, Game Ready na masu wasa da Studio na masu tace bidiyo da zane, kuma a ƙarƙashin Custom akwai wurin zaɓen clean installation. AMD nata Adrenalin ne. Allo zai yi ƙifta-ƙifta, zai yi baƙi na daƙiƙoƙi, ba matsala ba ce. Manhajar DDU da ake yawan ambata ta share tsohon direba ce, misali in ka sauya daga NVIDIA zuwa AMD. Sabuwar Windows ba ta buƙatarta.

Bayan ka sake kunnawa, je Settings, System, Display, Advanced display, ka dubi lambar Hz, wato sau nawa allo ke sabunta hoto a daƙiƙa. Mutum zai sayi monita mai 144 ko 165 ya shekara yana kallonta a 60 bai sani ba, domin Windows ba kullum take ɗagawa da kanta ba.

Na biyar su ne ƙanana: sauti, Bluetooth, da duk abin da ya rage a filash. In sauti bai fito ba bayan haka, danna alamar lasifika a ƙasa ka duba ta ina yake fita. Sau da yawa direban katin hoto kan karkatar da shi zuwa monita ta HDMI, ita kuma ba ta da lasifika.

Yanzu sai bincike. Danna dama a kan Start ka buɗe Device Manager. Abin da kake nema shi ne alama mai ruwan ɗorawa mai kusurwa uku. In ka ga SM Bus Controller, chipset ne bai shiga ba. PCI Simple Communications Controller yawanci Management Engine ne na Intel. PCI Encryption/Decryption Controller a injin AMD, PSP ne. In kuwa Unknown device kawai aka rubuta, danna shi sau biyu, ka je Details, ka zaɓi Hardware Ids. Za ka ga VEN da lambobi huɗu, sannan DEV da wasu huɗu. VEN shi ne kamfani: 8086 Intel, 1022 AMD, 10DE NVIDIA, 10EC Realtek, 14C3 MediaTek. Kwafi layin ka nema a intanet, za ka san ko mene ne, sai ka koma shafin madabod ka ɗauko direbansa.

Wannan ya fi maka filash ɗin nan mai zuba komai da ke yawo hannu-hannu a gari. Ban ce bai taɓa yin amfani ba, a tsohuwar kwamfutar da kamfaninta ya daina kula da ita yakan fitar da mutum kunya. Amma a sabuwa, yakan cusa direban da ya yi kama da naka ba naka ba, ya kuma jawo baƙin da ba ka gayyata ba. A injin saurayin nan na tarar da manhajar kashe ƙwayar cuta har biyu suna kokawa da juna, ga wata burauza da shi kansa bai san da ita ba. Haka nan manhajojin da ke cewa direbobinka ashirin sun tsufa, biya mu gyara. Ka rabu da su.

Komawa BIOS, sannan gwaji

Yanzu ne lokacin XMP, ko EXPO a wajen AMD. RAM ɗin da aka rubuta wa 3200 ko 6000 a kwali ba ya gudu haka sai an kunna masa. In an bar shi, DDR4 kan tsaya wajen 2133 ko 2400, DDR5 kuma wajen 4800. Na jinkirta shi ne da gangan: in ka kunna tun farko kuma RAM ɗin bai zauna daidai ba, zai iya ɓata fayilolin Windows tun wajen ɗora ta, ka yi ta zargin direbobi a banza. Kafin ka shiga BIOS, ka tabbatar mabuɗin nan mai lamba 48 yana hannunka, ko da za a tambaya. Ka kunna, ka ajiye da F10, ka dawo Windows, ka buɗe Task Manager, Performance, Memory, ka ga ko lambar ta hau.

Sai gwaji, wanda kusan kowa ke tsallakewa. Ɗora MemTest86, manhajar gwada RAM, a filash ka bar shi ya yi zagayensa huɗu, yakan ci awoyi, ni da dare nake barinsa a kan UPS. Kuskure ko ɗaya ne, ba a yafe shi: ka sake zaunar da RAM ɗin, ka tabbatar sanduna biyu suna rami na biyu da na huɗu daga furosesa kamar yadda yawancin madabod ke so, ko ka rage gudun. Bayan haka ka buɗe HWiNFO mai nuna zafi, ka kunna Cinebench mai ɗora wa furosesa aiki mai nauyi na minti goma kana kallon zafin. Ka yi wannan gwajin da rana tsaka, a ɗakin da kwamfutar za ta zauna. Abin da ya wuce lafiya a ɗaki mai sanyi na iya shaƙewa a shagon kwano a watan Maris. Yawancin furosesoshin AMD Ryzen na zubin 7000 an yi su ne su iya kai 95 a aiki mai nauyi, wannan kada ya firgita ka. Abin tsoro shi ne ta mutu ko ta daskare. In SSD ɗin na hannu ka saya, CrystalDiskInfo zai gaya maka awoyin da ya yi yana aiki da sauran lafiyarsa, ko da mai sayarwa ya rantse sabo ne.

In komai ya wuce, kashe kwamfutar ka mayar da sauran faifan da ka cire. Wanda bai fito ba, ka buɗe Disk Management ka yi masa fomat, in dai babu kayanka a ciki. Sannan ka rubuta Create a restore point a wurin nema, ka kunna kariyar faifan C in a kashe take, ka ajiye wuri ɗaya da za ka iya mayar da Windows gare shi in ta lalace. Wannan ita ce kwamfutarka tsaf, kafin kowa ya taka ta.

Manhajoji

Nan ba sai an daɗe ba. Duba Activation ka tabbatar lasisin Windows ya zauna. Windows Security da ta zo da ita ta isa yawancin mutane, kada ka ɗora wata a kanta don kawai an saba. Sai burauza, 7-Zip, VLC, da Office ko LibreOffice wadda kyauta ce. Mai son sauri ya buɗe Terminal ya rubuta winget install VideoLAN.VLC, haka sauran, ba sai ya bi shafukan da ke cike da maɓallan saukewa na ƙarya ba.

Bayan su sai manyan kayan sana'a, CorelDRAW ko Photoshop ko DaVinci Resolve ko wasanni, ɗaya bayan ɗaya, kana buɗe kowacce ka gwada kafin ta gaba. Na san halin da ake ciki game da fasassun manhajoji, na san kuma farashin lasisi in an juya shi zuwa sidi. Amma duk wadda ta ce sai ka kashe kariyar Windows kafin ta shiga, ka tuna a wannan kwamfutar kake buɗe imel ɗinka da asusun bankinka, kuma a cikinta bidiyon bikin mutane yake.

Firinta da sikana su ne na ƙarshe. Da yawansu sun fi son a fara saka direba, sai ya ce a jona kebul sannan a jona. Manhajar fitilu masu launi da ta fanka, in dole ne, ɗaya tak. Biyu in suka haɗu rigima suke yi a kan fitila ɗaya.

Saura abin da ya shafi aljihu. In da datar waya ko ƙaramin rawuta kake aiki, shiga saitin haɗin ka kunna Metered connection, Windows za ta rage sauke-sauken da take yi a ɓoye. Ka leƙa OneDrive ma. In ya ɗauki foldar Desktop da Pictures yana turawa sama, mai bidiyo zai wayi gari kunshin wata ya ƙare a kwana biyu. Sai Task Manager, Startup apps, ka kashe duk abin da ba ka buƙata ya tashi tare da kwamfuta. Mai rubutu da Hausa kuma ya je Language & region ya ƙara Hausa, akwai kibod ɗinta a cikin Windows mai ƙ da ɗ da ɓ.

Filash ɗin direbobin nan kada ka goge shi. Ni nakan manna masa farar takarda in rubuta sunan madabod da ranar da aka yi aikin, in jefa shi cikin kwalin madabod tare da ragowar sukurori da eriya. Na saurayin Asawase ma haka na yi masa. Ya zaro waya zai tura mini kuɗi ta MoMo, na ce ya fara buɗe bidiyon Hajiyar mu gani. Ya buɗe, kiɗan biki ya cika shagon har mai shayin da ke maƙwabtaka ya leƙo. Na ce masa in hunturu ya shigo ya dawo da ita mu busa mata ƙura.